Likkafanina Yana Cikin Zannuwan Gadonku

Zuwa ga Babban Manaja,
Tsohon otal na bakin tafki, cikin gandun duwatsun da gwamnatinku ta keɓe.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da dukan ma'aikatan da ke ƙarƙashinka. Wannan buɗaɗɗiyar wasiƙa ce da jama'a za su karanta, shi ya sa da gangan na ƙi ambaton sunanka da sunan otal ɗin, domin ba tozarta ku nake nema ba. Kwafin wannan takarda zai iso teburinka, kuma in ka karanta za ka gane gidanka.

Sunana Idrisu Garba. Na haura shekara tamanin, ina zaune ni kaɗai a unguwar Utaibiyya cikin Makka. Asalina Kano ne. Na zo ƙasar nan ta hanyar Sudan ina saurayi, na yi aikin tafinta tsakanin alhazai da masu masauki har ƙafafuna suka gaza. Na rubuta da Hausa saboda a cikinta kaɗai nake iya faɗin abu yadda yake; Turancin da na koya a makarantar Midil ya tsufa tare da ni. Wani malami maƙwabcina ne zai fassara maka. Ban ba ɗana fassarar ba, kuma za ka ga dalili a gaba.

1. Abin da na gani na alheri

Ɗana Usman likita ne a ƙasarku. Bayan aikin Hajjin bana ya matsa sai na je na ga inda yake zaune, ya ce tun rasuwar mahaifiyarsa na kulle kaina a ɗaki. Na je. Shi ya kai ni otal ɗinku domin in huta.

Ba zan ɓoye gaskiya ba don ina da ƙorafi. Mutumin da ya yi shekara sittin yana kallon baƙaƙen duwatsun Makka, waɗanda ko ciyawa ba sa fitarwa, ya buɗe taga ya ga dutse sanye da itatuwa, dusar ƙanƙara a kansa, ruwa kore shar a ƙafarsa, dole ya yi tasbihi. Ma'aikatanku sun nuna mini alƙibla ba tare da na roƙa sau biyu ba. Sun dafa mini kifi da suka ji ba na cin naman da ban san yankansa ba. Da suka ga matakalar katakon nan taku ta fi ƙarfina, sai suka sauya mini ɗaki zuwa hawan ƙasa, kusa da murhu. Duk wannan na gode.

2. Abin da ya ɓata

Na zo da likkafanina a cikin akwati. Likkafani shi ne farin ƙyallen da ake naɗe Musulmi a ciki kafin a sa shi a kabari. Tsoho irina, mai ciwon zuciya, ba ya tafiya mai nisa ya baro nasa a gida, kamar yadda ba ya baro maganinsa.

Nawa ƙyallaye uku ne na alawayyo. Matata, marigayiya Hajara, ita ta sayo bandir guda a kasuwa tun muna da sauran ƙarfi. Ta yage nata biyar, ta yage nawa uku, da hannu, ba da almakashi ba. Ni na ɗauko jarkar zamzam daga Kudai, inda ake ɗibarsa a nan Makka, a kafaɗata, muka jiƙa su a baho ɗaya, muka shanya a saman gida, tana tsaye tana korar tattabaru da mafici kada su ɓata. Jiƙa likkafani da zamzam ba farilla ba ce, akwai ma malaman da ba sa ganin wani amfani a ciki. Al'ada ce da muka tarar alhazanmu suna yi, muka yi. Don kada namu su cakuɗe, sai ta yi ɗan ɗinki da baƙin zare a kusurwar kowane ƙyalle nawa. Idonta ya riga ya fara rauni a lokacin, ɗinkin ya fito a karkace, na yi mata dariya, ta ce ai wanda zai sa shi ba zai gani ba.

An naɗe ta a cikin nata, shekara huɗu ke nan. Nawa ne ragowar bandir ɗin.

3. Yadda abin ya faru

Ranar da muka iso ana ruwan sama, akwatina ya jiƙe tsakanin mota da ƙofar otal. Da na buɗe washegari na tarar ƙyallaye biyu sun yi danshi. Alawayyo idan ya kwana da danshi fumfuna yake yi. A Makka sai ka shanya rabin sa'a ya bushe ƙarau, amma a wurinku rana ba ta da wannan ƙarfin. Sai na baza ɗaya a bayan kujera, ɗaya a ƙarshen gado, na uku da bai jiƙe ba na bar shi cikin ledarsa.

Da hantsi Usman ya zo ya tafi da ni yawon kwale-kwale a tafki. Muka dawo bayan azahar, an gyara ɗaki tsaf, an sa sababbin zannuwa, an ajiye alewa a kan matashi. Ƙyallayen biyu babu su.

Ina so a fahimce ni a nan. Ba na zargin matar da ta gyara ɗakin da sata, kuma ban yarda a taɓa aikinta saboda ni ba. Ta shiga ɗaki, ta ga farin zane a kan gado da farin zane a kan kujera, ta tattara fari da fari ta jefa a kwandon wanki. Ko ni ne a matsayinta abin da zan yi ke nan. Babu wanda ya taɓa gaya mata akwai baƙin da ke yawo da kayan kabarinsu.

4. Abin da aka rubuta a teburin karɓar baƙi

Nan ne maganar ta karkace. Usman bai san na zo da likkafanin ba sai ranar. Da na faɗa masa ya juya fuska wajen taga. A Makka aka haife shi, likita ne, ya ga mutuwa fiye da ni, amma ɗa ɗa ne. Muka je teburin, zauren cike da amare da angwaye suna ɗaukar hoto, ana kaɗa garaya irin taku a gefe. Na ji abin da ya faɗa wa matar da ke wurin, domin Turancina bai mutu gaba ɗaya ba. Ya ce mahaifinsa ya rasa fararen zannuwa biyu nasa na kansa. Bai iya furta ko na mene ne ba. Na taɓa hannunsa don ya ƙara bayani, sai ya ce mini da Larabci, a hankali, in bari, zai kula da komai.

Saboda haka abin da ke rubuce a wurinku shi ne wani tsoho ya rasa zannuwan gado biyu. Kuma daidai da wannan kuka amsa. Matar ta yi waya, ta dawo ta ce motar wanki ta riga ta tafi, domin ba a otal ake wanki ba, wani kamfani ne a garin da ke ƙasan dutsen yake yi muku tare da wasu otal-otal. Ta ce za a duba. Ranar da za mu tafi aka kawo mini rigar wanka fara mai laushi, da tambarin otal ɗinku a ƙirji, cikin kwali mai kyau, da takardar ban haƙuri.

Ranka ya daɗe, ba a binne mutum da riga mai tambarin otal. Na ba mai gadin gidanmu ita, yana sawa da asuba in an yi sanyi.

5. Bayan na dawo

Sau biyu na sa Usman ya rubuta muku. Amsa ta farko ta ce ana kan bincike. Ta biyu ta ce ba a samu ba, amma an ba ni kyautar kwana biyu a ɗaki mai kallon tafki duk lokacin da na so. Na gode da karamcin, sai dai ba zan sake hawa jirgi ba. Likitan zuciya a nan ya faɗa mini haka ba tare da kwana-kwana ba, ni ma jikina ya riga shi faɗa. Yanzu ko Harami sai a keken guragu nake shiga.

Da na nemi Usman ya karanto mini abin da ya rubuta, na ji har yanzu zannuwa yake cewa. Ban yi fushi da shi ba. Na dai gane cewa in ban faɗi kalmar da bakina ba, babu mai faɗa. Shi ya sa na rubuta wannan a fili.

Na san abin da za a iya ce mini. A Makka ba a rasa likkafani. Wuraren wankan gawa suna bayarwa kyauta ga kowa, mai kuɗi da talaka. Haka ne, kuma ba na tsoron a binne ni tsirara. Na kuma san injin wanki da sabulunku sun riga sun fitar da zamzam ɗin tas. Wannan ma bai dame ni ba, rijiyar tana nan kusa da ni, ba ta ƙafe ba. Abin da ba zan samu a kasuwa ko a wurin wankan gawa ba shi ne ƙyallen da aka yage daga jikin wanda matata take kwance a ciki, da karkataccen ɗinkin hannunta.

6. Dalilin da ya sa nake ganin za ku iya

A zaurenku akwai akwatin gilashi, a ciki akwai sanda da hular wani babban baƙo da ya manta da su tun kafin a haife ni. Usman ya karanta mini bayanin da ke jiki. Kun adana su fiye da shekara ɗari, kuna goge musu ƙura. Gidan da ya iya riƙe sandar mamaci haka bai kamata ya kasa neman kayan mai rai ba.

Kuma ranar kwale-kwalen nan na tsinci wata 'yar tsakuwa mai santsi a bakin tafki, na so in kawo wa 'yata da ke Jidda. Ma'aikacin gandu ya yi mini bayani cikin ladabi cewa doka ta hana a fita da ko tsinke daga wurin. Na mayar da ita inda na ɗauka. Ban fito muku da ko tsakuwa ba. Ina roƙon ku ma kada ku riƙe nawa.

7. Abin da nake roƙo

Na farko, a gyara abin da aka rubuta. A sa likkafani, a kuma yi wa masu neman bayanin ko mene ne shi. Mai neman zanen gado cikin zannuwan gado zai gaji da wuri.

Na biyu, a sa mutum ya je ɗakin ajiyar zannuwanku da kamfanin wankin da ƙafarsa, ba ta waya ba, a kuma tambayi sauran otal-otal ɗin da ake haɗa muku wanki. Gane su ba wuya. Sun fi zanenku kauri da kaushi, ba su kai shi faɗi ba. Ba a kalmashe bakinsu ba, yagaggu ne, zare na zarewa. Ba su da tambari. A kusurwa ɗaya akwai ɗan ɗinkin baƙin zare. Hoton na ukun da ke hannuna yana wurin Usman. Ina kuma roƙo a duba inda ake tara tsummokaran goge-goge, domin na yi aiki da masu masauki, na san inda zane marar kalmasa yake ƙarewa. Ko an yanka, ko ya yi tabo, a aiko mini haka nan.

Na uku, a gaya wa masu gyaran ɗaki cewa duk farin ƙyallen da ba shi da tambarinku, su ninke su ajiye a kan kujera. Ba ni ne tsohon Musulmi na ƙarshe da ɗansa zai kawo muku ba. Ga 'yan'uwana tsofaffi masu karanta wannan kuma, in kun shanya naku a baƙon wuri, ku zauna kusa da shi har ya bushe.

Na huɗu, kuma shi ne mafi muhimmanci a wurina, a ba ni amsa bayyananniya kafin watan azumi. In an samu, a ce an samu. In an nema da gaske ba a samu ba, a ce ba a samu ba, kada a ce ana kan bincike. Tun da na dawo ban sayi wasu ba, domin duk ranar da na yi niyya sai in ce ƙila gobe a kira. Wannan jiran ne yake cina. In na san sun tafi, zan sa a kai ni kasuwa in sayi biyu in haɗa da ɗayan da ya rage, in jiƙa su da hannuna tun hannun yana iya matse ƙyalle. Ba na so wannan aikin ya faɗa kan Usman, na ga fuskarsa ranar nan.

In kuwa an same su bayan na riga na tafi, kada ku wahala da aikowa Makka. Usman ya ce akwai ɗan ƙaramin masallaci a garin da ke ƙasan dutsenku. Ku kai wa limaminsa, ku gaya masa daga ina suka fito. Wata rana wani baƙo zai mutu a ƙasarku nesa da danginsa, ba tare da ya zo da nasa ba. A naɗe shi a ciki. Hajara ba za ta ƙi ba.

Allah ya ba ka ikon yin adalci a cikin ƙaramin abu da babba. Allah ya albarkaci gidanka da abincin da kake ci, ya tsare ma'aikatanka, musamman matar da ta gyara ɗakina. Allah ya ba ka tsawon rai, ya sa in lokacinka ya zo a sami wanda zai kula da kayanka yadda kake so.

Wassalam.

Idrisu Garba,
Utaibiyya, Makka.