Abin da Muka Yi wa Idon Ruwan Ƙauyenku Ranar Galili

Zuwa ga Mamata,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu. A makaranta an koya mana cewa bayan gaisuwa sai a rubuta "da fatan kina lafiya", amma inda kike babu ciwo, shi ya sa na tsallake wannan layin. Ki gafarta mini da na ɗauki biro na rubuto miki. Tun tafiyarki ban taɓa yi ba, kuma da kina nan ma ba zan iya kallon idonki in faɗi wannan magana ba. Na yi laifi a ƙauyenku, kuma da sunanki na yi shi.

Kin san yadda matasan cocinmu a nan Kafanchan suke fita Galili ranar Litinin ta bayan Ista, a je bayan gari a yi waƙa, a ci abinci, a dawo da yamma. Bana Broda Bitrus, shugaban matasa, ya ce an gaji da wuri ɗaya, wanda ya san sabo ya faɗa. Na raɗa wa ƙawata Rahila cewa akwai idon ruwa a ƙarƙashin dutse, can bayan Kagoma, inda kike kai ni. Rahila ta ɗaga hannu ta faɗa da ƙarfi. Kowa ya juyo ya dube ni, aka tafa. Mama, na ji daɗin tafin. Wannan ma gara in faɗa miki.

Irin wannan lokacin kike kai ni, bayan ruwan farko, ƙasa tana ƙanshi, mutane suna rufe gonakin citta da ganye. Mai mashin ya sauke mu a gindin ɗorawa, daga nan mu cire takalma. Kullum sai kin maimaita, kamar ban taɓa ji ba: "Na sama na sha ne, na ƙasa na wanka da wanki. Ko yatsa kada ki tsoma a na sama." Ƙwarya ɗaya ce a rataye a reshe, da ita kaɗai ake ɗiba. Kin ce mini kafin damina ta zauna rijiyoyi duk sun ƙafe, wannan ruwan ne ke riƙe ƙauyen gaba ɗaya.

Mun tafi da bas biyu, da janareta, da sifika. A bakin ƙauye wasu dattawa suka tsayar da mu suna tambayar ina za mu. Sai ga Kaka Asabe, ƙanwar mahaifiyarki, ta leƙo ta taga ta gan ni. Ta ce, "Ɗiyar Saratu ce, ku bar su." Da sunanki kaɗai muka wuce.

Da muka isa gindin ɗorawa, babu wanda ya cire takalmi sai ni.

Ƙanƙarar da aka zo da ita ta narke a hanya. Broda Bitrus ya tsoma hannu a ruwan sama ya ce ai wannan ya fi firij, aka ɗauko akwatunan lemo daga ƙasan mota, da ƙurarsu da baƙin mansu, aka nutsa su ciki. 'Yan mata suka jeru a kan dutse suka saki ƙafafu a ruwan don hoto ya yi kyau. Bayan an ci shinkafa aka zuba garin sabulu aka wanke tukwane a nan. Man girki ya taso sama, ja, da kumfa da ƙasusuwan kaza da ledoji suna yawo. Wani ya sauke ƙwaryar ya wanke takalminsa da ita. Wata matar aure da ta biyo mu ta tsuguna a bakin dutsen ta ɗauraye wa jaririnta kashi.

Sau ɗaya na yi magana, a hankali. Na ce, "Broda, wannan na sha ne." Ya ce, "Sista Rifkatu, ruwa mai gudu ne, zai wanke kansa. Zo ki shiga hoto, ke ce mai wurin." Na je na shiga, Mama. Ina cikin hoton, ta gefen hagu, har da murmushi.

Abin da ya fi ba ni ƙyama shi ne, babu baƙo a cikinmu. Wannan ɗan Kwoi, wancan ɗan Kagoma, kowa yana da kaka da ke shan irin wannan ruwa. Akwai malamin makaranta, akwai mai karatun jinya. Da za mu tashi, Broda Bitrus ya tsaya a cikin ruwan har gwiwa, wando a naɗe, ya yi addu'a mai tsawo yana gode wa Allah saboda kyawun halittarsa. Muka ce amin.

Muna buɗe ido sai ga Kaka Asabe da mata uku, ɗauke da bahon ɗiban ruwa. Ta dubi ruwan, ta dube ni. Suka juya da baho babu komai.

Kafin mako ya ƙare hotuna sun zaga wayoyi, har daga Kaduna ana tambayar hanya. Ranar Lahadi bayan sujada Broda Bitrus ya sanar cewa matasan Kwoi za su haɗu da mu ranar Asabar, bas uku wannan karon, ni zan shiga gaba tunda mutanen ƙauyen sun san ni. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce ba zan je ba, kuma abin da muka yi ƙazanta ne, mun ɓata ruwan da yara da tsofaffi suke sha. Wani daga baya ya ce, "Kai, yau Rifkatu ta yi baki!" Wata ta ce, "To sannu, sarauniyar ruwa." Aka yi dariya. Amma sun san ba za a bar su su wuce ba idan ba na cikin motar, sai suka zaɓi wani wuri. Ko mutum ɗaya bai ce a je a ba da haƙuri ba. Rahila ta ce na kunyata ta, har yanzu ba ta yi mini magana.

Asabar ɗin na hau mashin na tafi ni kaɗai. Na iske ruwan ya kwanta, ana ganin tsakuwar ƙasa. Ashe matan ƙauye sun kwashe shi kaf da baho, suka kankare laka da hannu, suka jira kwana biyu ya sake taruwa, suna zuwa rafi mai nisa. An rataye sabuwar ƙwarya. A hanya na ji wata mata tana nuna ni tana cewa, "Ga ɗiyar Saratu da ta kawo su." Sunanki ne a bakin kowa.

Na durƙusa gaban Kaka Asabe. Ta yi mini faɗa da yarenmu, da ta ga rabi kawai nake ganewa sai ta juya Hausa. Ta ce, "Uwarki ba ta koya maki ba?" Na ce kin koya mini, kowane zuwa. Ta ce, "To bakinki ina ya je?" Na roƙe ta abu ɗaya: a cire sunanki daga wannan magana, domin ke ba ki yi komai ba.

Sai Kaka Asabe ta ɗaga murya ta kira matan da ke sussukar ɗorawa a tsakar gida, ta ce, "Ku ji. Daga yau ku bar Saratu ta huta. Rifkatu ce ta kawo su. Rifkatu." Suka maimaita sunan don kada su manta. Yanzu duk ƙauyen ya san sunana, kuma kin ga da abin da aka san shi. Na yi kuka a kan mashin har Kafanchan, amma ƙirjina ya yi sauƙi.

Ubangiji ya ci gaba da hutar da ke a wurinsa. Ya ƙara wa Kaka Asabe ƙarfi, ya sauko da damina da wuri don rijiyoyinsu su kawo ruwa. Ni kuma ya buɗe mini baki tun abu bai ɓaci ba. Amin.

Idan ban dame ki ba, Mama, kin yarda in sake rubuto miki? Ba sai na yi laifi ba.

Ni ce 'yarki,
Rifkatu