Zangarniyar Gero Don Mariyamu

Daga Ɗantsoho a tsibirin Panya, zuwa ga ƙanwata Larai a Gagarawa. Gaisuwa mai yawa. Yaya Hussaini da yara? Malam Ishaku ke rubutawa, ni ke faɗa.

Lafiyata ƙalau. Ruwan sama ne ba ya ɗaukewa, tarin kuwa mun saba da juna, kada ki sa shi a ranki.

Kin san na rantse yaren Bature ba zai shiga bakina ba. To, na yi kaffara. Mariyamu, 'yar da marigayi ɗana Ilu ya bari, yaren Turawan Panya kaɗai take ji. Na ce ta koyi Hausa, ta ƙi, taurin kan gidanmu ne. Sai ni na sauko. Maganarsu wutsiyar kalma take sauyawa, ta jiya daban, ta gobe daban, "ba ni shi" kuma a dunƙule suke faɗa, wai "damelo". In na kuskure ta yi ta dariya, sannan ta gyara mini. Wutsiyar jiya na fi naci a kai, don duk labarin da zan ba ta na jiya ne.

Shekaranjiya na ba ta labarin rijiyar da kakanmu ya haƙa, ta jero sunayen dangi har kanki. Sai ta tambaye ni mene ne gero, don ba a noma shi a nan.

Ki ba fataken Ikko zangarniya ɗaya su kawo. Sai ta riƙe ta a hannunta zan kamo hanyar gida. Allah ya sada mu da alheri.