Takardar Baba Tana Gwarzo

Yaya Dalhatu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Inna da Murja da yara. Ni lafiya lau nake a Jidda. Digirina yana hutawa a akwati, ni ina goge tayil. Hankalina ne dai ya ƙi kwanciya.

Ka ce Alhaji Mahbub ya tono tsohon bashin taki da ya bi Baba, yana son gonarmu ta Garo, kuma sau uku kana zuwa kotun Kabo ba fayil. Ba za a samu ba. Da tsadar SAP, tsarin nan na tsuke bakin aljihu, ta karya jarin Baba, roƙo ya yi a yi shari'ar a Gwarzo, kada surukansa na Kabo su ji. Ni na raka shi. Alƙali ya raba kayan shagon Baba ga masu binsa bashi, Mahbub ya karɓi rabonsa, ya dangwala yatsa ya yafe sauran.

Ka je kotun Gwarzo ka nemi rijistar 1988. An sauya allon kotun ya koma na Shari'a, amma kabad ɗin yana nan.

Inna ba ta sani ba, Baba ya rantsar da ni. Allah ya jiƙansa, ya yafe mini. Kunyar ta bi shi kabari, gonar kuwa da ita muke ci.

Ƙanwarka,
Badi'a