Kwamfutar Ta Warke, Hirarmu Ta Kwanta

Anti mai shawara, don Allah ki agaza min, na yi wa kaina sakiyar da ba ruwa. Ina rubuto miki ina dariya ni kaɗai, amma wallahi abin ya dame ni.

Ni mai buga takardu ce a wani ofis. Shekarata arba'in da ɗaya, maigidana ya rasu shekara shida ke nan. Kwamfutar teburina nawa gare ta ba kaɗan ba. In na kunna ta da safe, sai in goge tebur, in haɗa shayi, in shanye, ita tana nan tana juya ɗan zoben nan nata. Mai kula da sitonmu, wanda muke kira Malam Makulli saboda tarin makullan da ke ƙugunsa, kullum yakan kawo jerin kayan da zan buga masa. Takardar minti biyu sai ta ci rabin awa, shi kuma ya ja kujerar roba ya zauna jira. Tun muna zagin kwamfutar tare, har muka kai ga labarin 'ya'yansa biyu da yake riƙo shi kaɗai, da ciwon gwiwata. Anti, a shekarun nan nawa na koma sa kwalli don zuwa aiki! Daga nesa in na jiyo ƙarar makullai sai in gyara zaman ɗankwalina.

To, shugabarmu ta gaji da jinkiri ta kira wata mai gyara. Matar ta ce ba sai an sayi sabuwa ba, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar ce ta cika da tarkace, a goge ta a ɗora sabuwa. Ni da rawar kai na ce zan iya. Na kwashe takardun ofis da ke cikinta kaf na zuba a filas, ɗan abin adana bayanan kwamfutar nan, na duba sau biyu, na bi matakan da ta rubuta min ɗaya bayan ɗaya. Da na kunna kwamfutar, kafin in ɗauki kofi ta buɗe. Har guɗa na yi, ban san kaina na cuta ba.

Washegari Malam ya zo, ya ja kujera, kafin ya zauna takarda ta fito daga firinta. Ya kalli takarda, ya kalli kujera, ya ce wai har an gama, ya tafi. Jiya kuwa sau uku ya dawo: na farko wai babu waƙafi a layi na biyu, na biyu wai haruffan sun yi ƙanana, na uku ya manta abin da ya kawo shi. Ko aikin nawa ne ya daina gamsar da shi? Ki faɗa min yadda zan mayar wa kwamfutar da nawarta ba tare da an gane ba.

Mai Kwalli

AMSA

'Yar'uwa Mai Kwalli, barka da wannan aiki. Kwashe takardu kafin gogewa shi ne abin da mutane da yawa ke mantawa, sai daga baya su yi kuka. Ki adana filas ɗin nan, kuma ki cire hannunki daga kwamfutar. Kayan ofis amana ce, kuma shugabarki ta yarda da ke.

Gaskiya ne, zaman jira ba alkawari ba ne. Wani mai son hira ne kawai, don haka kada ki fara ɗinkin biki. Amma ruwa ba ya tsami banza. Mai sito ba ya zuwa ya koma sau uku saboda waƙafi. Abin da kike nema a wajena, shi ma shi yake nema: dalilin zama.

Gobe da lokacin hutu ya yi, ki haɗa shayi kofi biyu, ki bar kujerar robar a inda take, ki ce masa bismillah. In ya zauna babu takarda a hannunsa, kin sami amsar da tsohuwar kwamfutar ta ɓoye miki, sai ki nuna masa hanyar gidan magabatanki. In kuma bai zauna ba, kin huta da zulumi, ga kwamfuta mai gudu.

Allah ya zaɓa miki mafi alheri. Kada dai ki daina sa kwallin.