Harshen da Ya Rage Miki

Zuwa ga Vasuki, sanyin idona, ruwan farko a kan jar ƙasa, inuwar bishiyar turaren da nake fakewa ran da iskar zafi ta taso wa Melbourne,

Ƙanwarki Malathi ce za ta karanta miki wannan da Tamil, tunda ciwon da ya shanye ɓarin jikinki ya kwashe Turancinki, ya bar miki harshen mahaifiyarki kaɗai. Ta isar mini da saƙonki: wai kada in ƙara zuwa asibiti, ba kya son in ga alƙaliyar da ta kasa ce wa mijinta sannu. Haba, Vasuki! Wa ya taɓa cewa teku ta ƙafe don ta janye daga gaɓa?

Kin manta yadda na same ki? Ina kwandasta a taragon da ke zuwa Footscray. Wata azahar muka kai ƙarshen layi, kowa ya sauka, saura mace guda tana barci, kanta bisa littafin shari'a mai kaurin bulo, yatsunta duk sun tsattsage da sanyin masana'antar fige kaji. Na ce, "Baiwar Allah, hanya ta ƙare." Kika buɗe ido kika ce, "Taka dai ta ƙare." Tun ranar nake tsoronki, tun ranar nake sonki, har yau ban iya raba biyun ba.

Daga baya na san ke lauya ce tun a ƙasarku, a birnin Colombo, an ƙona gidanku, kin sauka ƙasar nan da akwati guda, aka ce takardarki ba ta aiki a nan. Kika koma aji tare da sa'o'in ƙannenki. Na gan ki kina tsaya wa waɗanda suka tsallako teku a ruɓaɓɓun jirage, kina jera hujja kamar mai saƙa, zare bisa zare, har lauyoyin da suka raina karin harshenki suka koma rubuta abin da kike faɗa. Ranar da aka rantsar da ke a Kotun Tarayya, da kika shigo cikin baƙar riga jama'a suka miƙe tsaye, ni ma na miƙe ina kallonki. Anya wannan ce matar da ke yi mini faɗa kan na cika gishiri a miyar wake?

Amma ba a nan kika fi ba ni mamaki ba. A can arewa ne, ran da na bi ki shari'ar filayen 'yan asalin ƙasar nan, aka kafa kotu a ƙarƙashin itace. Kika cire takalmi, kika zauna a ƙasa, tsofaffin mata suna rera sunayen duwatsu da rafukan kakanninsu, kina saurare ko ƙuda ba ki kore ba. Da kika tabbatar musu da ƙasarsu, wata tsohuwa ta riƙe hannunki ta ce, "'Yata, ke ma an raba ki da taki, ko? Na gani a zamanki." Ni na yi kukan.

To ga abin da ba ki sani ba. Zuwana na ƙarshe na daɗe a bayan labule kafin in shiga. Kina magana da Malathi, Tamil na zuba daga bakinki kamar kogi bayan ruwa, da wata murya siririya mai tsokana da ban taɓa ji ba duk tsawon aurenmu. Ashe akwai wata Vasuki a cikinki, yarinyar da ta tashi a gindin giginyar Jaffna, ni kuwa ban taɓa gaishe ta ba! Kina ganin ragowa ce ta rage miki? Ni sabon wata na gani.

Na fara koyo. Malathi na cewa, "Yaya Desmond, kai harshenka ko na saniya ya fi shi lanƙwasa," tana dariya har da hawaye. Ta yi ta yi.

Ban taɓa ɗaukaka ƙara a kan hukuncinki ba, ya Mai Shari'a, amma yau na ɗaukaka. Ranar Asabar da hantsi zan tsaya a bakin ƙofarki in nemi izinin shiga da Tamil. In na faɗa daidai, ki ce in shigo. In na kwafsa, ai na san ki: ba kya iya jin kuskure ki yi shiru. Ko ta yaya, zan ji muryarki.

Naki da kowane harshe, har numfashina ya ƙare,
Desmond