Ƙyallen Alharini

Asabar da dare, Roni

Malaminmu na tarihin tufafi a jami'a ya ba ni ƙyallen wani tsohon saƙi, ya ce in binciko asalinsa kafin hutu ya ƙare. Na duba littattafai har na gaji. Yau Kaka ta murza shi sau ɗaya, ta ce, "Jan zaren alharini ne, fatake ke kawowa ta hamada. Saƙar kuwa ta Kazaure ce, dubi bakinsa." Ta buɗe adaka ta fito da irinsa, zanen aurenta. Wallahi na ji kunya, kullum leshi nake yabawa a gabanta. Baba, wanda bai taɓa son karatun nan ba, ya ce, "Ki rubuta sunan Inna, kada su ce su suka gano."