Wannan Ba Ƙiba Ba Ce, Bukar

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, zuwa ga ƙanena Bukar, a duk inda tirelar shanu ta kai ka a Kudu. Iya tana gaishe ka daga Gashuwa. Matarka Yagana da yara suna nan ƙalau, sai kewarka.

Na san za ka ji haushi da na rubuto maka a nan shafin sada zumunta, inda duniya za ta karanta. To ka ji haushin. Na kira ka har na gaji, ka ƙi ɗauka. Na aika ta bakin direbanku, ka ce masa wai Ya Hauwa ta cika mita. Ga mitar nan a bainar jama'a, tunda a nan kaɗai nake ganin ka.

Hoton da ka sa kana zaune a kan ƙarfen tirela, kowa sai yabo yake yi, wai ka yi ƙiba, Kudu ta karɓe ka. Ni kuwa ƙasan idonka na kalla, da yadda silifa ta nutse a ƙafarka. Wallahi sai da na nemi wuri na zauna. Wannan ba ƙiba ba ce. Na san ta, a fuskar Baba na fara ganin ta.

Ka tuna Baba da ƙarfi? Mutumin da ke wuni a kogi yana jan komar kamun kifi, rana na dukansa, ya dawo ya haɗiyi ƙwayoyin ciwon jiki ya ce shi garau yake. Da ya fara kumbura aka ce jifa ne, aka yi ta ɗura masa jiƙe-jiƙe. Sanda muka kai shi asibiti ƙodojin sun riga sun tafi. Kai ka riƙe masa kai a mota, kana kuka kamar ba namiji ba. Unguwarmu kuma ka fi ni sanin gidajen da ciwon nan ya shiga.

Yanzu kai ne kake bin sawunsa, har ka fi shi. Na tambayi abokan aikinka a karar Nguru, kasuwar shanu, sun faɗa mini yadda kuke yi. Tun ana lodin shanu kuke daina shan ruwa, don kada fitsari ya matse ku a hanya, tunda direba ba ya son tsayawa, in aka tsaya kuma saniya ta kwanta a tattake ta. Haka za ku wuni ku kwana a saman mota maƙogwaro a bushe, sai lemon gwangwani mai hana barci, sai haɗin ƙwayoyi daga kemis in baya ya riƙe. Haba Bukar! Shanun da kake rakiya ma sai an shayar da su kafin a ɗora su. Kai ne ba ka kai saniya daraja ba?

Da na ja ka asibiti a nan Nguru, ai ina zaune likita ya yi maka bayani. Jininka ya hau, ƙodar ta fara gajiya, amma ya ce da sauranta in ka kiyaye. Me ya nema a wurinka? Kada ka bar kanka da ƙishirwa. Ka rabu da haɗin kemis. Ka rage gishiri, ka sha maganin hawan jini kullum, ka samu barci, ka dawo a sake auna ka. Muna fitowa ka yi dariya ka ce, “Ya Hauwa, kwana in ya ƙare ya ƙare.” Washegari aka ce mini ka hau mota. Maganin ma a ɗakin Yagana ka bar shi.

Ni ma na san kwana na Allah ne, ba kai za ka koya mini ba. Amma jikin nan amana aka ba ka.

Kuma ba wani abin wahala ba ne. Tun rasuwar Baba na canza tukunyata. Na rage gishiri da kanwa da ɗunƙulen miya, har maigida ya yi ta tsiya wai miyata ta zama ta asibiti, yanzu ya saba. Ruwanmu sai an tafasa. Iya da kanta, wadda ba ta jin maganar kowa, ta koma cin zogale da kifi, tana taka ƙafa zuwa gidan maƙwabta kowace safiya maimakon zaman tabarma. Tsohuwa ta iya, sai kai?

Ban ce ka bar sana'arka ba, na san da ita kake ciyar da gida. Cewa na yi ka sauko. Ka biyo motar farko da za ta yo Arewa, ka zo a duba ka. Yanzu da ka kumbura, ko yawan ruwan da za ka sha ma likita ne zai faɗa maka, ba ni ba. Don Allah, don darajar Iya, kada ka ƙara haɗiyar ƙwayar nan ko guda. Ku kuma da kuke karantawa, duk wanda ya gan shi a kara ya riƙe mini hannunsa ya sa shi a mota.

Akwai abin da ban so faɗa a nan ba, amma ka toshe mini kowace hanya. Bayan tafiyarka na koma wurin likitan ni kaɗai. Na ce masa in abin ya kai ga haka, a cire ƙodata guda a sa maka, ai uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Ya auna ni, ya sake aunawa. Ya ce ni ma jinina yana hawa, ba za su taɓa tawa ba.

Na fito na zauna a bakin asibiti na yi kuka mai isata. Duk tsawon lokacin nan ina kwantar da raina da cewa in ta ɓaci ina da abin da zan ba ka. Ashe babu. Bukar ɗan ƙanena, ni na goya ka, kuma yau ba ni da komai sai bakin nan da ka gaji da shi. Ƙodojin da ke jikinka su ke nan, ba wasu a ajiye.

Ya Allah, Ka tsare mini shi a kan hanya. Ka sassauta zuciyarsa, Ka ba shi lafiya da nisan kwana. Ka jiƙan Baba. Ya Allah, kada Ka sa Iya ta binne ɗanta.

Ka dawo, Bukar. Ba zan yi maka faɗa ba.

Taka har kullum,
Ya Hauwa, Nguru.